Tukunya Bakwai Kafin Karin Kumallo

Ranar da kuka zo mini ku huɗu da wayoyinku, kuna nuna mini wata mata tana yin alkaki cikin minti uku, dariya kawai na yi. Ɗayarku har cewa ta yi, “Yaya Adama, ai ba wuya, alkama ce kawai da suga.” To, na ji. Tun da kun ce in koya muku kayan gara, zan koya muku. Amma sai kun fara jin abin da sugan nan ya yi wa wadda ta koya mini, da abin da ya fara yi mini ni kaina. Na zauna na rubuta shi ne don ina tsoron ranar da za ku tambaye ni in rasa amsa.

Ina da shekara goma sha biyu aka kawo ni unguwar Yindiski wurin Goggo Ladi, ƙanwar mahaifina. A lokacin, daga Ngojin har Fika, in aka kai amarya ba alkakin Goggo a cikin gararta, sai dangin ango sun yi ƙananan maganganu. Shekara biyu na yi ban taɓa tukunya ba. Aikina tsince alkama, surfe, shanya, kai wa mai inji ya ɓarza, in tsaya a kansa kada ya mayar da ita gari. Daga nan aka bar ni in kwaɓa da nono mai tsami da ɗan mai, in rufe ya kwana. Sai murza shi ya zama zare, a naɗe a yatsu, a jera a faifai. Sai suya a wuta kaɗan kaɗan, don alkaki ba ya son gaggawa, in ka matsa masa sai ya ƙone a waje cikinsa ɗanye. Duk wannan hannu ne ke koyonsa, kuma ku ma hannunku zai koya cikin wata shida in ba ku da son jiki.

Sana'ar tana cikin ruwan suga. Shi ake dafawa a babbar tukunya, a matse lemun tsami a ciki, a tsoma alkaki da zafinsa ya sha. In ruwan bai nuna ba, alkaki ya jiƙe ya yi tsami kafin amarya ta yi sati. In ya zarce, ya ƙanƙame. In aka manta lemu kuwa, ranar farko ba za a gane komai ba, sai ya kwana biyu sugan ya koma gari, ya yi fari fat, ya taurare. Goggo ba ta da gwangwanin awo, ba ta da agogo. Harshenta ne ma'auninta, kuma kowace tukunya sau uku take ɗanɗana ta: in suga ya narke, in an sa lemu, da in za a sauke. Ba ɗigo take lasa ba, rabin ludayi take hurawa ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye.

A nan dokarta take. Goggo ta ce harshen da ya ci abinci maƙaryaci ne. Wai gishiri da yaji da daddawa suna rufe shi, ba zai faɗa maka gaskiyar tukunya ba. Saboda haka mai alkaki ba ta karya kumallo sai ta sauke tukunyar ƙarshe. Ranar da ta fara ba ni ludayi, ta kama ni da guntun ƙosai a baki. Ta sa na tofar, na kuskure baki sau bakwai, sannan ta ce, “Ke Adama, in ciki kike so ki bauta wa, ga hanyar tasha can, je ki sayar da shinkafa da wake. A nan harshe ake bauta wa.” Ita ma haka ta gada wurin wadda ta koya mata, kuma duk masu kayan gara da na sani a garin nan a kan wannan suka tashi. Ban taɓa jin wadda ta tambayi dalili ba.

Ku lissafa da kanku. Bayan ƙaramar Sallah ko bayan kaka, lokacin da bukukuwa ke hawa kan juna, mukan ɗora tukunya bakwai a rana. Ga na alkaki, ga na dubulan, ga na nakiya da ake haɗawa da man shanu da citta da kanumfari. Kowace sau uku, cikin da ba komai. Da hantsi jikinka ya yi sauƙi, kai ya washe, baki ya buɗe, Goggo har waƙa take yi tana juya muciya. Wanda ya zo sayen kaya a lokacin sai ya tafi da gyara. Amma da rana ta take, sai abin ya juye. Hannu ya fara rawa, gumi mai sanyi ya keto, kai ya yi dum kamar an kifa maka ƙwarya. A lokacin ko sallama aka yi da ƙarfi sai ka ji kamar zagi ne. Unguwa duk ta san wannan, har ana cewa in kana da magana da Goggo Ladi ka je kafin azahar. Mu a wurinmu hali ne, mun ɗauka haka Allah ya yi ta. Maganin da muka sani ɗaya ne, in rawar hannu ta zo a ƙara kurɓar rabin ludayi. Nan take sai ka dawo daidai, bayan awa guda kuma ka faɗi ƙasa da inda ka taso.

Haka na yi shekara talatin da wani abu. Na yi aure a unguwar, na haihu, na karɓi tukwanen Goggo da ƙarfinta ya ragu. Har halin na gada. 'Ya'yana sun san in inuwar bishiyar maina ta dawo gindinta, ba a tambayata ko gishiri.

Goggo kuwa a gabana abin ya fara mata. Da farko sunaye ne, ta kira wannan jika da sunan wancan, mu yi dariya. Sai ta fara ajiye kuɗin cefane a cikin tulu. Wata rana da safe na fito na same ta tsaye a kan tukunya da muciya a hannu, ruwan suga yana tafasa, ta juyo ta ce mini, “Adama, me ake sa wa wannan abin?” Matar da ta yi shekara hamsin tana wannan aiki. Na ce lemu, Goggo. Ta ce, “Lemu, to,” ta ajiye muciyar ta koma ɗaki. Ba ta sake taɓa tukunya ba. Mutane suka ce tsufa ne, wasu suka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Na ɗauko ta na dawo da ita ɗakin da ke kusa da madafina, tana nan har yau.

Shekarar da ta fi kowace muni gare ni ita ce ta auren autar Hajja Falmata. Hajja Falmata matar wani dillalin shanu ce, kuma ni na yi garar 'ya'yanta mata huɗu, tun ta fari. Wannan ta biyar Fika za a kai ta, gidan mutane masu ido a kan kaya. Hajja ta zo da kanta ta ce, “Adama, wannan ce ta ƙarshe, ina so ki fitar da ni kunya.” Kwalla biyar na alkaki, uku na dubulan, nakiya biyu.

Ranar Laraba na yi aikin, ina jin kukan shanu da ƙarar tireloli daga wajen kasuwa. Tukunya uku sun sauka lafiya. A ta huɗu, rana ta take, na tsinci kaina tsaye da wuƙa a hannu, ga kwandon lemu a gabana, na rasa ko na matse ko ban matse ba. Na duba ƙasa in ga ɓawo, ashe akuyar maƙwabta ta shigo ta share wurin tas. Na ce to, ai ga harshe. Na kurɓa, zaƙi kawai na ji. Na sake kurɓa, zaƙi. Harshen da na yi shekara talatin ina hana shi abinci don ya faɗa mini gaskiya, ranar ya yi shiru. Sai na tuna a daidai wurin nan Goggo ta tsaya, kuma da irin wannan tambayar.

Ana cikin haka Hajja Falmata ta yi sallama, ta zo ganin yadda aiki ke tafiya. Ta leƙa tukunya ta ce, “Adama, kamar wannan bai kai na ɗazu ƙamshi ba ko?” Tambaya ce kawai, kuma da na saurare ta da na tsira. Amma hannuna na rawa, kaina na sarawa, sai na ji kamar ta mare ni. Na ɗaga murya. An ce na ce mata in ta fi ni iyawa ga muciya, kuma wai tun tana amarya ba ta san bambancin alkaki da ƙuliƙuli ba. Na ce an ce, domin wallahi ban riƙe abin da na faɗa ba, maƙwabta ne suka maimaita mini daga baya. Hajja ta gyara mayafinta ta fita. Ni kuma don kada in nuna ina shakka, na tsoma alkaki a tukunyar haka nan, na cika kwalla biyu, na rufe, na ɗaure da sabon zane.

Kun san yadda ake yi da gara. A tsakar gidan ango ake jera ta, a kira dangi da maƙwabta, a kwance kwalla ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa kafin a raba. Ranar Asabar aka kwance a Fika. Uku suka fito ja suna sheƙi. Biyu suka fito fari kamar an barbaɗa musu toka, wata tsohuwa ta gatsa ta ce haƙorinta ya tafi. Aka yi dariya, dangin amarya suna tsaye.

Washegari Hajja Falmata ta zo. Na shirya jin faɗa, har na fi son ta yi faɗan. Sai ta zauna a tabarma, ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye alkaki ɗaya fari a gabana. Ta dubi ƙofar ɗakin Goggo, ta dube ni, ta rage murya ta ce, “Adama, ba rigima na zo yi ba. Tsakaninki da Allah, ko abin Goggonki ne ya fara taɓa ki?”

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kwana uku ban ɗora tukunya ba. Ina zaune ina gwada kaina kamar 'yar makaranta, ina jera sunayen jikokina, ina jera gidajen layinmu daga bakin titi zuwa masallaci. In na yi tuntuɓe a suna ɗaya sai in koma farko.

Wadda ta fitar da ni daga ɗaki Sista Rifkatu ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, tana bayan layinmu. Duk Kirsimeti ni nake yi mata cincin da dubulan. Labari ya kai mata, don a Yindiski ba a ɓoye irin wannan. Ta shigo da 'yar jakarta ta ce, “Maman Sani, ni dama ina da magana. Shekara uku ke nan cincin ɗinki yana ƙara zaƙi, bara har yarana suka kasa ci. Na yi shiru ne don kada ki ce na raina miki sana'a.” Na ce hannuna bai canja ba. Ta ce, “Hannunki bai canja ba, harshenki ne ya gaji. Me kike ci da safe?” Na gaya mata dokar Goggo, ina faɗa ina ɗan taƙama. Ta riƙe baki ta ce, “Shekara talatin? Ruwan suga a cikin da ba komai?”

Ta soki yatsana da 'yar na'urarta, ta duba, ba ta gaya mini lambar ba, ta ce gobe da sassafe za ta raka ni asibiti. A can aka tabbatar ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikina. A hanyar dawowa cikin Keke ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce ƙwaƙwalwa da suga take aiki, amma kaɗan kaɗan take so, kamar yadda alkaki ke son wuta. In aka antaya mata da yawa lokaci guda sai mutum ya ji garau, in ya sauka kuma ya zo da rawar jiki da faɗa da mantuwa. In kuma ya daɗe yana yawa a jini, yana lalata ƙananan jijiyoyi, har da na cikin kai. Na kama hannunta na ce, “Sista, shi ne ya cinye kan Goggo?” Ta ce, “Ba zan rantse miki ba, tsufa ma yana yin nasa. Amma ita ma a kawo ta a gwada.” Aka gwada Goggo, nata ya fi nawa. Na ce, “To ni fa, zan koma kamar ita?” Ta ce, “Wannan Allah ne ya sani. Abin da na sani, in kika ci gaba da ludayin nan, kina taimaka masa.”

Ranar da na fara karya kumallo kafin aiki, ɗumamen tuwo da miyar kuka, a ɓoye na ci, na juya wa ɗakin Goggo baya kamar mai sata. Ina da jikoki, amma ji nake za ta fito ta sa ni in tofar. Sati biyun farko na sha wuya. Kaina ya yi ta ciwo, bakina yana tsinkewa duk lokacin da tururin tukunya ya bugi hancina, hannuna yana kai kansa wurin ludayi sai na janye shi. Faɗa kuwa har ya fi na da, har Malam, maigidana, ya koma cin abincin rana a shago. Bayan wata guda na lura azahar tana yi ina nan yadda nake da safe. Wata rana jikata ta tambaye ni gishiri rana tsaka, na miƙa mata, sai ta tsaya tana kallona.

Sai da na sake koyon sana'ar daga farko, ina da shekara kusan hamsin. Yanzu da gwangwani nake auna suga, abin da Goggo za ta kira aikin ragwaye. Nunar ruwa kuma da yatsu nake ganewa: a ɗiga a faranti ya huce kaɗan, a dangwala tsakanin babban yatsa da manuni, a buɗe. In ya ja zare ɗaya bai tsinke ba, a sauke. Lemu kuwa tun kafin in hura wuta nake ƙirga na kowace tukunya in zuba a kwanonta daban, in na matse in mayar da ɓawon cikin kwanon in rufe, in ɗora a kan katanga inda akuya ba ta kaiwa. Ba na yarda da kaina, kwanon nake tambaya. Ɗanɗano sau ɗaya ne, ɗigo a kan harshe, a tukunyar farko kawai. Abin mamaki, harshen da ya ci tuwo ya fi jin lemu a kan wanda na yi ta horarwa da yunwa.

Hajja Falmata na je har gida na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce, ta kuma aiko mini da aikin sunan jikarta. Amma matan Fika ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Goggo yanzu ba ta san ni ba. Baiwar Allah take ce mini, wani lokaci ta tambaye ni yaushe za a mayar da ita gida. Likita ya hana ta zaƙi, kuma wannan shi ne aiki mafi wuya a gidan nan, don ɗakinta yana jikin madafi. Duk ranar da ruwan suga ya fara tafasa sai in ji tana motsi, tana kiran a kawo mata ludayi. Nakan rufe ƙofa in yi kamar ban ji ba. Watan jiya dai na kasa. Na dangwalo ɗigo ɗaya a yatsa na shiga na sa mata a harshe. Ta lumshe ido, ta juya shi a baki yadda take yi tun ina yarinya, ta ce, “Saura kaɗan. Ƙara rabin lemu.” Na koma na duba kwano, ga rabin lemu nan kwance ban matse ba.

Na dawo na durƙusa a gabanta. Ta ce, “Baiwar Allah, wa ya koya miki?”

Na ce, “Ke ce, Goggo.”

Ta dube ni, ba alamar ta gane. Can ta ce, “Ba ki dai ci komai ba ko?”

Na ce, “Na ci, Goggo. Tuwo na ci.”

Ta ce, “Kin ɓata harshenki,” ta juya fuska bango.

Ina shan maganina, ina zuwa awo, ina tafiya da ƙafa har kasuwa maimakon hawa Keke. Kaina ya fi da sauƙi, ba na musu. Amma shekaranjiya na shiga ɗaki na tsaya a tsakiya, na rasa abin da ya kawo ni. Sista Rifkatu ta ce kowa yana yin haka, har ita. Wataƙila gaskiyarta ne. Ni dai duk lokacin da ya faru sai in leƙa ɗakin da ke jikin madafi.

Saboda haka ga sharaɗina. Ranar Asabar ku zo da hantsi, kowace ta ci abinci a gidansu ta ƙoshi. Wadda ta zo da cikin wofi akwai ɗumame a tukunya, sai ta cinye a gabana kafin ta taɓa muciya. Ku zo da littafi ku rubuta komai, gwangwani nawa, lemu nawa, zare nawa, kada ku bar shi a kai ko a harshe kamar yadda muka yi. In kuma wata rana kuka same ni tsaye a kan tukunya na juyo na tambaye ku me ake sa wa wannan abin, kada ku yi dariya, kada ku kira maƙwabta. Ku ce mini lemu, Yaya Adama, sannan ku karɓi muciyar a hankali.